Akwatin Mata da Kututturen Gonar Baba

Kwanan baya wani yaro mai ilimi ya zo garinmu da abokan aikinsa, suka zagaya gonaki, suka ɗauki hotuna. Da zai tafi na ji yana gaya wa na kusa da shi cewa furoje ce, wato aikin taimakon da ƙungiyoyi ke kawowa daga waje, ta raya wannan ƙauye. Ban ce masa komi ba, don baƙo ne kuma bai faɗa da mugun nufi ba. Amma maganar ta kwana a raina har ta sa na ɗauko littafi. Ni na ga garin nan lokacin da ba shi da inuwa, kuma ina cikin waɗanda suka zauna a tabarma har ya koma yadda yake a yau. Ina so in faɗi yadda abin ya gudana a idona.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Gazawa da Tasawa, a jihar Maraɗi. Ba a rubuta ranar ba, sai dai Inna ta ce ina famfarar haƙora lokacin yunwar 1984. A wancan zamani in ka tsaya bakin gari kana hango ƙauyen gaba sarai, har ka ƙirga rumbunansu, don babu abin da zai tare maka ido. Da ruwan farko ya sauka a yi shuka, hatsi ya fito, sai iska ta taso daga gabas ta kwaso rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Akwai daminar da Baba ya yi shuka sau huɗu. Icce kuwa, mu da Inna mukan fita bayan sallar asuba, ba mu dawowa sai rana ta take, da ɗan abin da bai wuce girkin kwana biyu ba. In ya ƙare a koma kan kara da kashin shanu. Karan da ya kamata ya rufe gona, da takin da ya kamata ta ci, duk murhu ne ke cinye su.

Mu da kanmu muke aske gonakin. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda gonarsa take fes bayan sassabe, ba sabara, ba kalgo, an sare an tara an cinna wuta. Wanda ya bar tsiro ana ce masa rago ko ƙazami. Ga kuma doka, wadda ta ce icce na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya fito. Mutum ya ga in ya bar shi ya girma ba shi da ikon taɓa shi, sai ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami.

Ba na son dogon bayani a kan 1984. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu. Mun ci dusa. Ƙanena da ke goye bai ga kaka ba. A cikin wannan hali ne aka zo da maganar abinci don aiki: duk wanda ya yarda ya bar tsiron icce a gonarsa, ya gyara shi, za a auna masa hatsi. Daga baya na san cewa wani ɗan Ostireliya ne mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura tun 1983 cewa waɗannan ƙananan tsire-tsire da muke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana raye a ƙasa tana jira. Mutanenmu suka raɗa wa aikin suna sassabin zamani.

Kowa ya yi, don yunwa ba ta gardama. Amma da aka daina ba da hatsi, yawancin mutane suka ɗauki gatari suka maida gonakinsu yadda suka saba. Baba ma ya wasa nasa. Inna ce ta tare shi a bakin zaure ta ce, “Malam, ka bar mini ko na gefen yamma ne. Ƙafafuna sun gaji da daji.” Ya bar mata guda goma sha biyu, kalgo da sabara da gawo biyu. An yi masa dariya a majalisa, ana cewa ya bar wa tsuntsaye masauki su cinye masa hatsi. Ya haɗiye. Kafin a yi mini aure Inna ta daina zuwa daji neman icce, kuma hatsin da ke ƙarƙashin gawon nan ya fi na ko'ina tsawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Na ga wannan da idona, amma ban ɗauke shi ilimi ba. Na ɗauka dai sa'ar Baba ce.

An kai ni ɗaki ina da shekara goma sha biyar, a wani ƙauye da bai fi tafiyar hantsi ba daga namu. A al'adarmu mai gida yakan yanka wa matarsa gamana, 'yar gonar da za ta noma wa kanta bayan aikin gandu. Uwar mijina ta yi zamani da gamana babba. Ni na samu 'yar ƙarama, shekara biyu aka karɓe, don an raba gandu tsakanin 'yan'uwa bakwai, abin da ya zo hannun mijina bai isa ya yanka wa kowa ba. A wasu garuruwan kudancin Maraɗi har suna aka ba abin, kullen gona. Ana cewa hutu aka ba mace, alhali ƙasa ce ta ƙare. Na zama ko gishiri sai na roƙa. Ga shi a farkon 1994 an karya darajar sefa, komi ya tashi. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, sai mai gida ya je gun ɗan kasuwa ya karɓo bashi, a biya da hatsi lokacin kaka, lokacin da ba shi da daraja. Muna cin amfanin gonarmu tun yana tsaye, kuma da rabin kuɗinsa.

Ina da 'ya'ya biyu, a 1997, wata mata ta zo garinmu da maganar Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara wannan tsari a 1991, nan jihar Maraɗi, kafin ya bazu Nijar ya tsallaka ƙasashe. Da aka yi shela mun fi ɗari da muka taru, kowa da zaton za a raba kuɗi ko buhu. Matar ta ce ba ta zo da ko dala ba. Abin da ta zo da shi akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, kuma babu komi a ciki. Wata tsohuwa ta tashi ta kaɗe zanenta ta ce, “To in kuɗinmu za mu ba kanmu, me ya kawo ki?” Aka watse da guna-guni. Mako na uku mu talatin muka rage, kuma ba zan ce wayo ne ya zaunar da ni ba. Na zauna ne don ita ce rana ɗaya a mako da nake da hujjar fita in zauna da mata ba biki ba, ba rasuwa ba.

Adashe mun san shi tun kaka da kakanni, amma wannan daban yake. A adashe kowa na jiran ranar kwasarta, ko tana da buƙata ko ba ta da. Nan kuɗin yana zama a akwati, mai buƙata ta ara ta yi sana'a ta maido, bayan watanni a fasa a raba. Mun tsai da zubin dala goma, wato sefa hamsin, kowace Alhamis. Akwatin yana kwana gun mace ɗaya, mabuɗai uku suna hannun wasu mata uku da ba gidansu ɗaya ba, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Babu mai karatu a cikinmu, don haka kai ne littafi. Kowace mace tana riƙe da lissafin kanta da na wadda ke zaune a damanta, shi ya sa ba a sauya wurin zama. Masu ƙirga biyu su zube kuɗin a faranti, su ƙirga da ƙarfi, mu duka mu maimaita. Mako mai zuwa kafin a saka mabuɗi shugaba za ta tambaya, “Nawa muka rufe?” Mu amsa baki ɗaya. Wadda ta makara ta biya tara, wadda ta yi surutu ana ƙirga ta biya tara. Mu muka kafa dokokin nan da bakinmu, shi ya sa ba wadda ta iya cewa an zalunce ta.

Rancena na farko jika biyu ne, wato sefa dubu biyu. Na ɗaure su a bakin zane, daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na sayi gyaɗa da su duka. Na ɓare, na soya, na murje, na sheƙe, na kai niƙa. Na zauna gaban turmi ina juya ƙullun ina yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har ya haɗe jikinsa ya fara hawaye, mai ya taso sama. Har yanzu in na ji ƙanshin sabon man gyaɗa sai ranar nan ta dawo mini. Na matse na cika kwalabe, tunkuzar na yi ƙuli-ƙuli da ita. Ranar kasuwa ƙanwar mijina ta kai mini. Cikin mako huɗu na juya kuɗin sau uku, na maida bashi, na sayi sabulu da takalmin yarinya ban tambayi kowa ba.

Sai maganar kuɗin ruwa ta taso. Yadda aka koya mana, wadda ta ari jika za ta maido da jika da dala ashirin a kai, kuma ƙarin yana komawa akwati, ranar rabo kowa ta samu. Wasu maza suka fara cewa matansu na cin riba, mata huɗu aka hana su zuwa. Mu kanmu zukatanmu ba su kwanta ba. Muka tura dattijai mata uku gun liman. Ya saurare su, bai kore su ba, ya ce haɗa kai da rance alheri ne, amma ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi ku nisance shi. Muka yi mako uku muna gardama. Na san ƙungiyoyi da yawa sun ci gaba da tsarin farko da nasu dalilan, kuma ban zo yi musu hukunci ba. Mu dai muka cire ƙarin, muka ce akwati zai nemi ribarsa ta hanyar ciniki: mu sayi hatsi da wake da kaka, mu sayar in sun yi daraja. Da aka koma aka gaya wa liman, ya ce mu kula kada mu guje wa riba mu faɗa ɓoye abinci mutane na jin yunwa. Daga wannan gargaɗi ne dokar rumbunmu ta fito. Ba a sayar wa ɗan kasuwa, ba a sayar da buhu, tiya-tiya ake aunawa ga mutanen gari, ƙasa da kuɗin kasuwa, kuma kowane gida da iyakar abin da zai saya.

A shekara ta uku ni ce na kasa biya. Na ari jika biyar, kwana biyu bayan haka ɗana ya kamu da zazzaɓi mai tsanani, idonsa ya yi fari. Muka ɗora shi a amalanke zuwa likita a Tasawa. Allah ya tashe shi, amma kuɗin gyaɗa ya tafi a magani. Alhamis ta zo na ce ba ni da lafiya. Ta biyu ma haka. Ko rijiya na daina zuwa sai da magariba. Daren Alhamis ta uku shugabarmu, wadda duk muke kira Gwaggo, ta yi sallama a ƙofar ɗakina. Ta zauna bakin gado ta duba yaron, sannan ta ce, “Ɗiyata, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ki bar wurinki babu kowa. Wa zai riƙe lissafin ta damanki?” Na yi kuka sosai. Ba su yafe mini ba, kuma na gode da ba su yafe ba, don da an yafe da ban sake ɗaga kai a cikinsu ba. Sun ba ni wata huɗu na biya kaɗan-kaɗan. A zaman ne kuma aka buɗe jaka ta biyu a cikin akwati, dala ɗaya kowane mako, ta ciwo da haihuwa da rasuwa, wadda ba a maidowa.

Maganar icce ta dawo ta hannunmu ne, don mu ke shan wahalarsa. Na roƙi mai gida ya bar tsiro a gonarsa kamar yadda Baba ya yi. Ya ƙi shekara biyu, ta uku ya bar gefe ɗaya. Aikin ba wuya. Ka je gun kututture ka duba rassan da suka tsiro, ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabi, da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, cikin shekara biyu sai ka ga ya wuce kanka, alhali dashen da ake kawo mana a leda yawanci ba ya ganin damina ta biyu. Namu sun yi kyau. Wata safiya mai gida ya je ya tarar an sare su tas. Ya dawo bai yi faɗa ba, ya ce da ni kawai, “Kin gani ko?”

Gaskiya mai ɗaci ita ce, masu saran dare yawancinsu mu ne mata, sai makiyaya da masu sayar da icce. Mutum ɗaya ba ya iya tsare icce a gonar da ba shinge. Da aka kai wasu mutanenmu ziyara Ɗan Saga, garin da ya yi suna a wannan aiki, suka tarar can kwamiti suka kafa na tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Suka dawo suka ce za a yi irinsa, amma suka zaɓi maza zalla. Gwaggo ta ɗauke mu mu shida muka je ƙofar mai gari. Ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, kun taru kun yi dokar icce babu mai hura wuta ko ɗaya a cikinku.” Aka ba mu kujera uku, aka ba Fulanin da ke zaune gabas da gari biyu, aka kuma sake fitar da burtali da gonaki suka cinye. Ni ce ƙarama cikin matan. Abin da na dage a kai shi ne, ba a hana mace icce a bar ta da tukunya a kan murhu. Aka amince cewa rassan da aka rage lokacin sassabe na matan gidan ne, kuma zawarawa da tsofaffin da ba su da gona kowane mai gona zai ware musu ɗauri.

Wadda aka fara kamawa ƙanwar mijina ce, ita da ke kai mini mai kasuwa, kuma ni na gan ta. Na kwana ina juyi. Da safe na je na same ta na ce, “Ki je ki faɗa da bakinki, in ba haka ba dole in faɗa.” Ba ta je ba. Na faɗa. Aka ci ta tara a gaban mutane, ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata, uwar mijina ma ta juya mini baya. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Amma tun daga ranar kowa ya san dokar ba ta da ɗan gida, kuma saran dare ya ragu ƙwarai.

Sai 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, fara ta bi wasu yankuna, kafin tsakiyar damina mai zuwa buhun hatsi ya kai jika talatin. Maza suka watse biɗa, wasu Katsina da Kano, wasu har Legas. Gari ya zama na mata da yara da tsofaffi. Rumbunmu yana da buhu arba'in da 'yan kai. Ni aka ba tiya. Kowace safiya nakan zauna bakin rumbu, mata sun yi layi da ƙorai, in cika in share baki da tafin hannu don kada ta wani ta fi ta wani. Akwai wadda ta zo ba ko dala, ta tsaya gefe ba ta ce komi ba, aka biya mata daga jaka ta biyu. Mun ja hatsin nan mako bakwai. Bai kai mu kaka ba, kuma ba zan ce mun tsira ba. Mun binne yara a garin nan. Mata da dama sun kai nasu cibiyar tamowa ta likitocin ƙungiyar agaji ta MSF a Maraɗi, wasu sun dawo da goyo, wasu sun dawo da zane kawai.

Amma na ga bambanci da 1984, don na rayu a duka biyun. Wanda ke da itatuwa a gona ya sare reshe ya kai bakin hanya ya sayo tiya. Awakinmu sun ci 'ya'yan gawo da na kalgo ba su mutu ba, mun sayar da su ɗaya-ɗaya maimakon mu zubar da su a banza rana ɗaya. Mun ci ganye, mun ci aduwa da magarya. Kuma gidajen da matansu ke cikin ƙungiya ba su jinginar da gona ba, wanda shi ne ramin da in ka faɗa ba ka fita. Mai gidana ya dawo daga biɗa da abin da bai taka kara ya karya ba, ya tarar da iyalinsa a raye da gonarsa a hannu. Bai ce komi ba, amma sassaben shekarar da kansa ya bi kututture ɗaya-ɗaya yana ɗaura jan ƙyalle, alamar kada a sare.

Abubuwan da suka biyo baya sun zo da sauri. Muka nemi ajin yaƙi da jahilci, muka biya malamar da kanmu, a nan na koyi abin da nake rubutu da shi yanzu. Wajen 2008 aka kawo buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in ka ɗaure shi da kyau ƙwarin wake ke mutuwa don rashin iska, ba sai an zuba magani ba. Da shi waken kaka yake kai mu bazara lafiya lau. Muka fara ba juna akuya, ta haihu ki riƙe 'ya'yan ki miƙa uwar ga ta gaba, dabarar da muka gani gun Fulani. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 matan irin ƙungiyoyinmu suka fara zama kansiloli a wurare da dama, don sun riga sun saba magana a gaban taro. Ɗiyata ta biyu da aka zo neman aurenta tana shekara goma sha huɗu, na ce a bari ta gama makaranta, kuma na iya faɗin haka ne don ni ke sayen littafinta.

Ba na raina furoje. Wanda ya kawo mana akwati da wanda ya nuna mana kututture sun yi mana abin da ba za mu manta ba, Allah ya saka musu. Amma na ga wasu da yawa sun zo sun wuce. An taɓa kawo mana injin niƙa kyauta, ba a tambaye mu wa zai riƙe shi ba, ba a ware kuɗin gyara ba, yau shekara goma kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Na ga ƙungiyoyin da aka kafa rana ɗaya don an ji za a raba kaya, suka mutu ranar da motar ta juya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Masu bincike sun ce gonakin da suka sake yin itatuwa a Nijar sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuma wajen miliyan 200, kuma ba dasa su aka yi ba. A 2018 an ba Tony Rinaudo babbar lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin iccen da ya raya a gonarsa. Na yi murna da duka. Sai dai in an ambaci miliyoyin nan, ni fuskoki nake gani: Inna a bakin zaure, Gwaggo a durƙushe gaban mai gari, da ƙanwar mijina ranar da ta biya tara, wadda yau ita ce ke riƙe da mabuɗi na biyu.

Icce ba ya ƙara faɗin ƙasa. Gonar da ta ciyar da mu yanzu 'ya'yana maza uku ne ke kallonta, babban ya tafi Agadas shekara biyu ke nan. Matsalar da ke gabanmu a ƙungiya ma ta ƙasa ce. Shekara tara da suka wuce muka karɓi jinginar wata gona da ta mutu, fako ne ko ciyawa ba ta fitowa. Muka kai mata taki a ka, muka haƙa ramuka, muka raini duk tsiron da ya leƙo. Yau tana da itatuwa fiye da sittin, tana ba mu wake da riɗi, matan da ba su da gamana a nan suke noma. Mai gonar ya rasu bara, magadansa sun kawo kuɗin jingina sun ce a ba su abinsu. Haƙƙinsu ne, ba mu da ta cewa, don da baki aka yi maganar, ba a rubuta komi a kan itatuwa ko wahalarmu ba. Mun yi kuka, mun karɓi kuɗin.

Mun samu wata gonar a arewacin gari, ita ma fako ce, mai ita ya yarda ya sayar. Akwati zai biya rabi yanzu, rabi bayan kaka. Wannan karon mun ce sai an rubuta a gaban kwamitin filaye na gari, da shaidu, da sunan ƙungiya ba sunan mijin kowa ba. Wasu dattijai suna cewa ba a taɓa yi ba a garin nan. Ranar Alhamis bayan zubi za mu je ƙofar mai gari mu biyar, ni zan karanta takardar da ƙarfi kafin kowa ya dangwala hannu.